Bargon da Mama Ba Ta Gama Ba

Ruwan Agustan bana ya zo da taurin kai. An kwana biyu a Kafanchan ba mu sa rana a ido ba, shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya narke a gwangwani, ashana kuwa sai ka yi ta ƙyastawa kamar mai roƙonta. A cikin wannan ruwa ne Godiya, 'yar ƙanwata Talatu, ta kira ni daga Sabon Tasha. Ta ce likitoci sun sallami uwarta, ba don ta warke ba, sun ce a kai ta gida a riƙa ba ta abin da ranta yake so. Na tambaya me ranta yake so. Ta ce abinci dai ba ya shiga, sanyi kawai take kuka da shi, sun tula mata bargunan kanti amma ta ce ba su take nufi ba.

"Mama Babba, wai bargon Kaka take so. Ta ce yana wurinki. Ni ban ma san da wani bargo ba."

Yana wurina. Tun rasuwar Baba da aka raba 'yan komatsan gida yake kwance a ƙasan akwatina na ƙarfe. Na ciro shi yana warin kafur, na shimfiɗa a gado, na tsaya ina kallonsa. Aiki ne da aka bari a rabi, ni kuwa duk wanda ya zauna da ni ya san ba na iya ganin aiki a rabi in wuce, ko na wani ne sai na sa baki. Nan take na ce ba zan kai wa mara lafiya shi haka ba, sai na gama shi, kuma dole in yi sauri don ban san kwanakin da suka rage mata ba. Amma da na zauna gaban keken ɗinki, hannuna ya ƙi tashi. Ruwan da ke dukan kwano ya mai da ni wata damina.

Ina aji biyar a firamare a shekarar, muna zaune a unguwarmu ta gindin dutse a Kagoro. Ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, ya yi kamar da gaske, kowa ya fita ya zuba iri, masara ta fito har ta kai gwiwar yaro, sai sama ta kama bakinta. Rana ta riƙa fitowa fara fat tun da sassafe, ganyen masara ya nannaɗe, ƙasa ta tsattsage. A coci aka yi ta addu'ar roƙon ruwa, tsofaffi suna duban kan dutse suna gunaguni da yare. Kafin ruwan ya ga dama ya dawo, shukar farko ta mutu, dole aka hau rumbu aka ɗebo dawar ci aka mai da ita iri. Abin da ya kamata ya kai mu sabuwar masara, shi muka binne da hannunmu.

Daga nan tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sannan ya koma fate, faten ma kullum ruwansa yana ƙaruwa tsakinsa yana raguwa, har ya zama yakuwa da gauta ne kawai suke iyo a tukunya. Mu yara muka zama mafarauta. In shinge ya tashi bayan ruwa muna nan da tasa, in naman kaza ya fito a ruɓaɓɓen kututture mun riga kowa, 'ya'yan itacen atili kuwa ba ma jiran su nuna. Yunwar damina ba ta da hayaniya. Bayan an kwana biyu ciki ma ya daina ƙugi, sai dai ka miƙe tsaye ka ga gari ya yi duhu, ka dafa bango ka jira ya washe. Gayya ba ta tsaya ba, don gona ba ta san ana yunwa ba, amma gayyar da aka saba yi da tuwo da kunu tulu-tulu ta koma kowa ya ƙullo dafaffiyar gwazarsa a bakin zane. Mata suna ɗauko ganye daga gefen dutse su rufe citta, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, suna waƙa a hankali don waƙar ma ƙarfi take ci.

A cikin haka ƙyanda ta kama Talatu, wadda lokacin ba ta isa shiga makaranta ba. Ƙyandar ta tafi ta bar mata tari. Malamin asibitin mishan ya ɗora abin aunawa a ƙirjinta, ya daɗe yana saurare, ya gaya wa Mama cewa magani zai bayar, amma in sanyin marka ya same ta ba rufi mai kauri, shi ba ya da abin cewa. Marka kuwa a gindin dutsen nan ba wasa ba ce. Gajimare yakan sauko ya zauna a kan rufin ɗaki, bango ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, sanyi ya shiga ƙashi. Bargo ɗaya muke da shi a gidan, wanda Baba ya samo lokacin da yake leburanci a reluwe, ya tsufa har kana ganin hasken ƙofa ta cikinsa.

Mama tana da keken ɗinki na hannu, shi ma daga zamanin reluwen, kuma ta koyi haɗa bargon ƙyalle wurin matar wani fasto. Ana yanka ƙyallaye daidai faɗin faranti, a jera su a ɗinke su zama fuska, a sa tsohon bargo da buhunan gari a tsakiya, a yi baya, sannan a bi duka da layin ɗinki don su kama juna. Ƙyallen takan samo shi a kasuwar Kafanchan wurin wani tela Ibo mai suna Okoro, wanda yake tara mata a kwando ta kawo masa citta. Ranar da muka je, Okoro ya ɗaga kwandon ya kifa shi a gabanmu, ko zare bai faɗo ba.

"Madam, babu. Wa zai ɗinka riga bana? Ko keke na yana hutu."

Ban taɓa sanin yunwa tana kai wa har ga tsumma ba sai ranar. Muka dawo hannu wofi. Da muka iso gida ta buɗe kwallar da take ajiye kayanta ta ɗauko almakashi.

Zanen aurenta da ya koɗe shi ya fara tafiya. Sai tsohuwar rigar kakin Baba, sai rigar makarantata da ta matse ni, sai ɗankwalaye. Aikin sai ranar da ruwa ya hana fita gona, mu jawo keken bakin ƙofa inda haske yake. Da yake ɗinkin yana da kauri, hannu biyu take buƙata ta riƙa tura shi, don haka ni nake juya mata keken. Man keke ya ƙare tuntuni, sai ta tsoma gashin kaza a ɗan man gyaɗan da ya rage ta shafa masa, ni kuwa ina kallon man nan ina haɗiyar yawu. In na yi sauri zare ya tsinke, sai ta harare ni ta ce, "A hankali, Rifkatu. Jirgi za ki kama?" Talatu tana kwance a bayanmu tana tari, tarin nan mai fita kamar ana kankare tukunya, duk sanda ta yi shi sai in ga hannun Mama ya ƙara sauri, ita da take ce min in yi a hankali.

Ƙyalle ya sake ƙarewa, zanenta na canji ya bi sahu. Ya zama abin da ya rage wa Mama a duniya shi ne zanen da ke jikinta da kuma zanen zumunta, wato anko ɗin da matan coci suke ɗaurawa ranar taro da ranar biki da ranar jana'iza. Shuɗi ne mai kauri, sabo, ba ta ɗaura shi sai ta yi wanka, in ta cire kuma sai ta ninke shi ta sa ƙarƙashin komai. Tsakiyar bargon, daidai inda zai zauna a ƙirjin yarinya, shi ne ba mu da abin cikawa. Wata rana da azahar, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, Talatu ta yi tarin da ya sa leɓenta ya canza launi. Mama ta dube ta, ta tashi ta ciro shuɗin zanen. Na ce mata Mama, matan zumunta fa, me za ki ce musu?

"Matan zumunta ba su tari," in ji ta. "Riƙe min nan."

Na riƙe, ta yanka. Ta ninka kowane yanki biyu don ya ƙara kauri, ta warwatsa su a tsakiyar tsakanin kaki da ɗankwali, zanen duka ya shige. Ta ja min kunne kada in gaya wa kowa, har Baba. Daga ranar ta daina zuwa taron mata, in an aiko sai ta ce jinya ce ta riƙe ta, in kuma baƙuwa ta shigo gaisuwa sai ta yi wuf ta juya bargon fuskarsa ta koma ƙasa. Tun kafin a gama shi aka fara lulluɓa wa Talatu, gefe ɗaya ba a kalmashe ba, layukan da za su kama tsakiyar ma ba a bi ba. Mama ta ce sauran aikin sai an sami rana.

Abin da ban lura da shi ba, da yake yarinya ce ni kuma cikina ne a gabana, shi ne mace mai zane ɗaya a watan marka ba ta da abin canzawa. Takan dawo daga cirar ciyawa a jiƙe sharkaf, ta zauna bakin murhu da jiƙaƙƙen zanen a jikinta, tururi yana tashi daga kafaɗunta. Har dariya nake yi in ce Mama tana dahuwa, ita ma ta yi dariya. Wannan dariya tana cikin abubuwan da suke min ciwo har yau. In an raba fate kuma takan ce ta ci a gona, alhali babu komai a gonar sai ciyawa. Da tari ya fara mata sai ta riƙa fita bayan ɗaki ta yi shi. Baba ya ce ta huta, ta ce gayyar accarmu ce ta gaba, in ba ta je ta mutane ba wa zai zo tamu. A gonar wani aka ɗauko ta, jikinta kamar garwashi. Mako bai zagayo ba ta rasu, masara ta biyu tana fara goyo.

Da safe matan zumunta suka iso cikin yayyafi, dukansu cikin shuɗi, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Al'adarmu ce su za su yi wa 'yar'uwarsu wanka, su ɗaura mata zanenta na zumunta, da shi za ta shiga akwati. Shugabarsu, Mama Saratu, doguwar tsohuwa mai murya kamar ta namiji, wadda Hausarta ba ta damu da raba mace da namiji ba, ta buɗe kwallar Mama ta tarar da ita wayam. Ta fito ta tambayi Baba.

"Ina zanen shi na zumunta?"

Baba ya ce yana cikin kwalla. Ta ce babu. Aka duba ƙarƙashin gado, aka duba rataya, har wata ta fara cewa ko an sayar ne saboda yunwa, ta faɗa a hankali amma na ji. Ni ina rakuɓe a lungu, an ce kada in faɗa, wadda ta ce kada in faɗa kuma tana kwance a ɗaya ɗakin. Ana cikin haka wata mata ta sunkuya ta gyara wa Talatu rufi, bargon ya juye. Shuɗin ya bayyana, yanki-yanki, a kan ƙirjin yarinyar.

Wata ƙawar Mama ta fara kwance nata zanen tana kuka, ta ce a ɗaura mata wannan. Mama Saratu ta hana. Ta ce tun da aka kafa zumunta a garin ba a taɓa sa mace a akwati da zanen wata ba, wanda ta yi waƙa da shi, ta yi addu'a da shi, shi za ta tafi da shi, kuma ba a kan wannan baiwar Allah za a fara ba, don kada gobe a ce ta tafi da kayan aro. Ƙawar ta ce to yarinyar fa? Aka juya ana duban Baba. Baba mutum ne da bai iya musu da mata ba ko a ranar daɗi, balle ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce su yi abin da ya dace.

Abin da suka yi ban taɓa ganin irinsa ba. Kowace ta cire mayafin da ta yafo saboda ruwa, wanda ya fi bushewa aka fara sawa, suka tula wa Talatu har sai fuskarta kaɗai ake gani. Sannan suka zare bargon, suka shimfiɗa a tsakar ɗaki, suka zagaye shi da reza suna farke ɗinkin da ni da Mama muka yi, yanki bayan yanki, suna warware ninkin suna miƙar da shi a cinya. Da suka tara, aka jawo keken. Ni aka kira in juya, tun da ni na saba da shi. Na juya, Mama Saratu tana turawa, hawaye yana hana ni ganin allura, ba kuma wanda ya ce min in yi a hankali. Zanen da ya fito ya gaza, don ɗinki ya ci bakinsa, bai zagaye ta duka ba. Suka ɗaura shi ta gaba, suka cusa ragowar ta baya inda ba mai gani.

Bayan an dawo daga maƙabarta kowace ta ɗauki mayafinta, aka mayar wa Talatu bargonta. Tsakiyarsa duk ramuka, buhun gari yana leƙowa, bakin kowane rami a buɗe kamar aljihu. Haka ta ƙarasa markar a cikinsa, kuma Ubangiji ya tashe ta. Masara ta nuna, acca ta shigo, gida ya cika da ƙamshin gashi, ni kuwa na kasa cin masarar shekarar, in na ɗauka sai haushi ya sa in ajiye. Ƙanwar Baba ta tafi da keken. Ba wanda ya sami zuciyar komawa kan bargon, Talatu ta yi ta rufa da shi a haka har ta tafi makarantar kwana. Mama Saratu kuwa na riƙe ta a zuciya shekara da shekaru, in ta gaishe ni sai in amsa a daƙile. Yau ni ma 'yar zumunta ce, zannuwan anko sun cika min akwati don kusan kowace shekara sai an fitar da sabo, kuma na sha tsayawa a kan gawar wata ina tambaya ina zanenta. Har yanzu ban yanke wa tsohuwar hukunci ba, na dai daina jin haushinta.

Wannan shi ne abin da na zauna ina tunawa gaban keken lantarkin da ɗana ya saya min bayan na bar koyarwa. Da na share ido na kama aiki. Ƙyalle yanzu ba abin nema ba ne, telolin layinmu har ƙona shi suke yi. Na zaɓi shuɗi mai kauri wanda ya yi kusa da na da, na yanka, na ninka biyu yadda Mama ta yi, na cike ramukan ɗaya bayan ɗaya. In an ɗauke wuta in zauna ina tsaki, in an kawo in taka kamar mai tsere. Na bi tsakiyar da layukan da Mama ta ce sai an sami rana, na kalmashe gefen da ya rage. Da na ɗaga shi na ga ya zama bargo cikakke, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na ce a raina yau dai na sauke mata aikinta. Na naɗe shi a leda, na shiga motar Kaduna, ruwa yana bin mu har Sabon Tasha.

Na tarar da Talatu ta rame har na kusa kasa gane ta, ita da muke tsokana da cewa ta cinye rabon kowa bayan yunwa ta wuce. Godiya ta kwashe bargunan kantin, muka shimfiɗa mata na Mama. Ta ja shi zuwa hanci ta shaƙa, ta yi murmushi, ta ce har yanzu da ɗan warin hayaƙi. Sai na ga hannunta ya fito yana bin tsakiyar bargon, yana shafawa, ya je nan ya dawo, ya koma can. Murmushin ya ɗauke.

"Yaya, ina wuraren?"

Na ce na cike su, na gama mata shi, ta duba ta gani har gefen na kalmashe. Hannun bai daina nema ba.

"Ta nan nake sa hannu," in ji ta. "Tun ina ƙarama. Ni ban riƙe fuskar Mama ba, Yaya, ke ce kika san ta. In na tura hannu a ramin, sai in ce nan zanenta ya zauna, shi ke nan sai barci ya zo." Ta numfasa, ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta yi. "Ba komai. Ya yi kyau. Kin yi ƙoƙari."

Shekara nawa muna ɗaki ɗaya da yarinyar nan, tabarma ɗaya, ban taɓa sani ba. Na juya na ce wa Godiya ta samo min reza.

Ban ɗauke bargon daga jikinta ba, don kada sanyi ya shige ta. Na jawo kujera bakin gadon, na sa tabarau, na sunkuya a kan ƙirjinta ina neman bakin zare. Ɗinkin keken lantarki ƙanana ne, a matse, ba ya sakin jiki kamar na hannu, ga layukan da na bi ta kai sun ƙara ɗaure shi. Ina jin numfashinta yana ɗaga bargon yana saukewa a ƙarƙashin yatsuna. Na daɗe kafin gefe ɗaya ya buɗe daidai shigar hannu. Na kamo hannunta, ba nauyi ko kaɗan, na tura shi ciki har wuyan hannu. Yatsunta suka motsa a kan buhun, suka tsaya. Ta rufe ido. Ni kuma na matsa na fara farke na kusa da shi.